Mahaukacin Bata da rigimar wa ya ba ɗan Adam daraja

Ranar wata Talata wajen ƙarfe biyar na yamma, lokacin da cunkoson Bata, nan Kano, yake kan ganiyarsa, wani ɗan adaidaita ya kwashe ƙafar mahaukacin nan da yake zama kusa da teburin mai shayinmu. Ba wanda ya san sunansa, ba wanda ya san garinsu, shekara da shekaru yana nan da buhunsa na tsummokara yana hira da wasu mutane da mu ba ma gani. Kafin kace kwabo an taru, wata mata tana ta salati, wani daga baya ya tambaya wa aka buge, sai naji an amsa masa, wani bawan Allah ne. Mu uku muka ciccibe shi muka sa a wata adaidaitar aka yi asibiti da shi. Ni, da maƙwabcin shagona wanda Kirista ne Bahaushe daga wajen Rano, Baba muke ce masa dan ya girme mu duka, sai wani yaro ɗan jami'a da yake taya ni jiran shago in suna hutu.

Da daddare mun dawo muna shan shayi sai yaron nan, da yake shi baya rabo da karance-karancen intanet, ya dube ni yace Yaya, yanzu da ace ba mu yarda akwai Allah ba, shikenan da ba za mu ɗauke shi ba? Kafin in buɗe baki Baba ya riga ni. Yace da za ka ɗauke shi ɗana, ai ba dutse bane a ƙirjinka, amma da an tsare ka an ce kawo dalili da kame-kame za ka yi ta yi.

To wannan 'yar musayar ta kan benci ita ce dai rigimar da manyan masanan Turai da Amurka suka haura shekara ɗari suna yi. Ɓangare ɗaya Kiristoci ne masu cewa darajar ɗan Adam daga Allah take, in ka cire Allah ka riƙe darajar to kamar ka sare reshen mangwaro ne ka soka a ƙasa, zai kwana biyu da ganye kore shar amma fa ba saiwa. Ɗaya ɓangaren su ne 'yan hiyumanis, masu cewa hankali da tausayi da ilimin kimiyya sun ishi mutum ya gane daidai da ba daidai ba, ba sai an jira wahayi ba. Suna da takardar aƙida da aka fitar a Amurka a 1933, da ƙungiyar duniya da suka kafa a Amsterdam a 1952. Mu nan Kano da yawanmu ba mu taɓa jin kalmar ba sai a shari'ar Mubarak Bala, shugaban ƙungiyarsu ta Najeriya, da aka kama a Kaduna a Afrilun 2020, babbar kotun jiha ta yanke masa shekara 24 a 2022 kan abubuwan da ya rubuta a Facebook, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da su 5 a 2024. Shi yasa da an ambaci sunan sai kaji an ce au, masu zagin addini. Ba wannan shari'ar ce a gabana ba. Ni Musulmi ne ina kallon faɗan Kirista da ɗan ba-addini daga gefe, sai dai ba irin faɗan da babu ruwanka bane, dan abin da suke ja a kai mu ma namu ne.

Sai mun fara gyara wata kalma tukuna, dan nan ake ruɗewa. In aka fassara mana takardun haƙƙin ɗan Adam sai a ce mutunci. Amma ka saurari yadda muke amfani da mutunci a bakinmu: wane mutumin kirki ne yana da mutunci, wane ba shi da mutunci, ya zubar da mutuncinsa, an ci masa mutunci, a rabu da mutunci. Kenan mutuncin Bahaushe abu ne da ake tarawa kamar adashi, yana ƙaruwa yana raguwa, yana iya zubewa ƙasa warwas. Alhaji mai gida hawa biyu da yake sallah a sahun gaba yana da shi cike da buhu. Mahaukacin Bata fa? A wannan ma'aunin ba shi da ko cikin cokali. Rumawan da ma haka suke, kalmarsu dignitas, wadda daga ita Turawa suka samo tasu, asalinta matsayi ne na manya da masu sarauta, bawa ba shi da ita. Aristotle, masanin Girka, da duk iliminsa ya rubuta cewa akwai mutanen da an halicce su ne dan su zama bayi. Jaririn da uba baya so a Rum ana iya ajiye shi a waje a tafi, doka ba ta ce komai ba. Abin da ake rigima a kansa wani abu ne daban, daraja ce da ba ka nema ba, ba ka saya ba, kuma duk lalacewarka ba za a ƙwace ba. Mu ba mu da kalma ɗaya tak da ta kama wannan, amma muna da lafazi, shi ne wanda aka faɗa a bakin titi ranar nan. Bawan Allah. Ba mu san shi ba, ba ya amfanar mu da komai, amma yana da Mai shi, dan haka a yi hattara. Ka ga tun kafin mu san ana wata muhawara harshenmu ya riga ya zaɓi ɓangare.

Hujjar Kiristoci daga shafin farko na littafinsu take farawa, Farawa sura 1 aya 27, inda aka ce Allah ya halicci mutum cikin siffarsa, namiji da mace. Na san wannan lafazin yana yi wa kunnen Musulmi nauyi, ni ma da na fara ji sai da na gyara zama, amma malamansu da yawa ba kamannin jiki suke nufi ba, suna nufin an ɗora wa kowane mutum wani hatimi na Ubangiji da ba a ɗora wa sauran halitta ba. Sai wasiƙar Bulus ga Galatiyawa mai cewa a wajen Almasihu babu Bayahude babu Bahelene, wato mutumin Girka, babu bawa babu ɗa. Sai Matiyu sura 25 inda aka ce abin da ka yi wa mafi ƙanƙanta, mayunwaci ko ɗan kurkuku, kamar Almasihun ka yi wa. A kan wannan kuma ga aƙidarsu ta gicciye, wadda mu ba mu yarda da ita ba amma dole ka fahimce ta in kana so ka fahimci Turai: gicciye kisan wulaƙanci ne da Rumawa suke yi wa bayi da 'yan tawaye, sai ga wasu mutane sun zo suna cewa wanda suke bauta wa ta nan ya bi. A tunaninsu wannan ya kifar da tsani, na ƙasa ya koma sama.

Kuma ba a takarda abin ya tsaya ba. A ƙarni na 4 wani bishop mai suna Gregory na Nyssa, a ƙasar da yanzu take Turkiyya, ya hau mumbari ya tambayi masu bayi nawa suka biya suka sayi siffar Allah. A 1511 wani limamin Katolika ɗan Sifen, Montesinos, ya tsaya gaban 'yan ƙasarsu a Santo Domingo ya tambaye su ko mutanen da suke azabtarwa a tsibirin ba mutane bane. A Ingila su Wilberforce da 'yan cocin Kwaka suka dage har majalisa ta hana cinikin bayi a 1807. Mu ma nan ba sai an ba mu labari ba, asibitin kutare na Yadakunya 'yan mishan ne suka daɗe suna kula da shi tun zamanin Turawa, suna wanke gyambon mutanen da danginsu ma suke gudu. E, suna da burin yaɗa addininsu a ciki, ba wanda ya musa, amma hannun da ya taɓa kuturun ya taɓa shi.

Babban mai ba su shaida kuma maƙiyinsu ne. Nietzsche, Bajamushen nan da ya shelanta a 1882 wai Allah ya mutu, wa'iyazubillah, ya ji haushin 'yan'uwansa marasa addini ƙwarai. Cewa yake kun kori Allah kun riƙe tarbiyyarsa, kuna ta maganar daidaito da tausayin raunana kamar daga sama suka faɗo, alhali kayan Kiristanci ne, in kun bar gidan ku bar kayan gidan. Shi so yake a watsar da duka. A Janairun 2004 kuma Habermas, masanin falsafa da ba mai addini ba, ya zauna da Kadinal Ratzinger a Munich, shekara guda kafin ya zama Fafaroma, ya yarda cewa batun daidaiton darajar mutane fassara ce ta waccan tsohuwar magana ta siffar Allah zuwa yaren da kowa zai iya ji.

To 'yan hiyumanis ba su yi shiru ba, kuma gaskiya amsarsu ba ta banza bace. Farko suka ce in dai tarihi za a buɗe to a buɗe duka. A 1452 Fafaroma Nicholas na biyar ya ba sarkin Fotugal takardar izinin bautar da Musulmi da waɗanda ba Kirista ba har abada. Mutum sama da miliyan 12 aka loda a jiragen ruwa daga Afirka zuwa ƙetaren Atlantika, masu jiragen nan suna zuwa coci ranar Lahadi, masu gonakin Amurka ma da ayoyinsu suke kare kansu. Cocin Turawan Afirka ta Kudu ya samo wa wariyar launin fata hujja daga littafi ɗaya da Desmond Tutu, bishop baƙar fata na ƙasar, yake yaƙar ta da shi. Ruwanda a 1994 ƙasa ce ta Kiristoci, a cikin coci-coci aka yanka mutane da yawa. Cocin Katolika kanta sai a 1965 ta fito fili ta amince da 'yancin addini a matsayin haƙƙin kowa, bayan a 1864 Fafaroma ya lissafa irin wannan ra'ayi cikin kurakuran zamani. Suka ce in saiwar ce take ba da 'ya'ya, me yasa bishiyar ta shekara dubu da ɗaruruwa kafin ta yi fure, kuma sai da masu sukar coci suka girgiza ta? Kirista zai ce to Stalin da Pol Pot fa, shugabannin gurguzu marasa addini da suka hallaka miliyoyin mutane, su kuma su ce waɗannan ba namu bane, haka dai ake ta jifan juna da gawarwaki, wannan ɓangaren na muhawarar ni ya gundure ni.

Amsarsu ta biyu ta fi ƙarfi. Inda abu ya fito daban, abin da ya sa ya zama gaskiya daban. Lambobin da muke lissafi da su daga Indiya suka taso suka bi ta hannun Larabawa suka shiga Turai, amma ba wanda zai ce sai ka zama Bahindu biyu da biyu za su ba ka huɗu. Kuma tausayi ba a Urushalima aka ƙirƙire shi ba. Mencius na ƙasar Sin, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo misalin yaro da zai faɗa rijiya, yace duk wanda ya gani gabansa zai faɗi, ba dan yana neman yabo ko yana son iyayen yaron su san shi ba. Wannan kam duk wanda ya tashi a gidan da akwai rijiya a tsakar gida ya san haka ne.

Sai dai faɗuwar gaba ba ta isa ta zama doka ba, dan gaban mutum ya fi faɗuwa in ɗansa ne akan in ɗan wata ƙabila ne. Shi yasa 'yan hiyumanis suke komawa wajen Kant, masanin falsafa Bajamushe. A 1785 ya kawo wata magana da ɗan kasuwar Kwari zai gane nan take: duk abin da yake da farashi ana iya musanya shi da irinsa, abin da ya fi ƙarfin farashi shi ne mai daraja, kuma mutum yana cikin na biyun saboda yana da hankali, yana iya ɗora wa kansa doka ya bi. Magana ta yi kyau. Amma nan ne ni na tsaya cak, dan sai na tuna wanda muka ɗauka ranar Talata. In hankali ne ya ba mutum daraja, wanda hankalin ya gushe fa? Tsohuwar da ta rikice ba ta gane 'ya'yanta fa, da jaririn da aka haifa da naƙasar ƙwaƙwalwa? Duk siffar da ka zaɓa, hankali ko magana ko iya zaɓi, wani ya fi wani, wani ma ba shi da ita sam, to ta yaya abin da ba a raba daidai ba zai haifi daraja daidai? Peter Singer, masanin falsafa ɗan Ostireliya, bai tsaya kwana-kwana ba, ya bi lissafin har ƙarshe yace zama ɗan Adam kaɗai ba ya ba rai wata alfarma ta musamman, har ya yi maganganu kan jarirai masu tsananin naƙasa da suka sa aka yi ta yi masa zanga-zanga a Jamus. 'Yan hiyumanis da yawa ba su bi shi ba, suna cewa mun zaɓi mu ɗauki kowa daidai ne saboda mun ga abin da yake faruwa in aka fara tantancewa. Na yarda dalili ne. Amma abin da aka zaɓa ana iya sake zaɓe a kansa. A wannan gaɓar ni a ganina Baba ya fi yaron gaskiya, mai cewa darajar daga waje aka ba da ita ba ya buƙatar ya duba ko mutumin ya cancanta.

Inda na rabu da Baba shi ne in aka ce Kiristanci ne kaɗai yake da wannan. A tarihin Turai, e, ta ƙofar coci abin ya shiga, amma duniya ba Turai bace. Duk yaron da ya yi makarantar allo ya wuce ta kan aya ta 70 a Suratul Isra'i, wa laƙad karramna bani Adama, ba a ce Musulmi ba, ba a ce masu hankali ba, 'ya'yan Adamu aka ce. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim an wuce da gawa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe, aka ce masa ai Bayahude ne, yace shin ba rai bane? Sai dai kar mu yi saurin tafa wa kanmu, dan tambayar da aka yi wa coci tana jiran mu a ƙofa. Da wannan ayar a allunanmu aka yi ta sayar da mutane a kasuwar Kurmi, gandayen sarauta irin na Fanisau bayi ne suke noma su, kasuwar bayin ba ta mutu ba sai da Turawa suka ci garin a 1903, bautar kanta sai 1936 doka ta kashe ta a Arewa. Har yau in za a yi aure a wasu gidajen ana rada ana binciken asali. Da jam'iyyar NEPU ta tashi a 1950 tana cewa talaka ma mutum ne, ba sai ya zube a ƙasa ya cire takalmi dan hakimi zai wuce ba, da yawan waɗanda suka yi mata bulala masu carbi ne. Malam Aminu Kano, jagoran NEPU, kuwa da ƙafa biyu ya tsaya, yana jawo aya da rubuce-rubucen Shehu Ɗanfodiyo, yana kuma ɗauko abin da ya gani wajen 'yan gurguzun Landan, bai ga wani karo a tsakani ba.

Irin wannan haɗin gambizar ce ta faru a Faris ranar 10 ga Disamba 1948 da aka amince da sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Cikin masu rubutawa akwai Charles Malik Kirista ɗan Labanan, da Chang na Sin mai bin koyarwar Confucius, da Cassin Bayahuden Faransa. Barazil ta nemi a sa cewa an halicci mutum cikin siffar Allah, aka yi ta ja har ta janye, sai aka rubuta kawai an haifi kowa da 'yanci da daraja daidai, ba a faɗi wa ya bayar ba. Ƙasa 48 suka amince, ba wadda ta ƙi, 8 suka ƙaurace, ciki har da Saudiyya da Afirka ta Kudu da Tarayyar Sobiyet. Maritain, masanin Katolika, shi ya yaɗa zancen nan cewa an yarda da haƙƙoƙin ne bisa sharaɗin kar a tambayi dalili. Sashe na 34 na tsarin mulkinmu na 1999 ma haka yake, ya ce a girmama darajar kowa, ya hana azabtarwa da bauta, ya yi gaba abinsa.

Da dai a ce kullum mahaukaci ne aka buge a titi da wannan shirun ya wadatar, kowa ya kama ƙafa ko hannu da dalilinsa a zuci. Matsalar tana fitowa ne a wuraren da dalilin yake canza hukunci. A Suwizalan akwai ƙungiyar da aka kafa a 1998 mai taimaka wa marasa lafiya su kawo ƙarshen rayuwarsu, sunanta Dignitas, wato daraja. Holan da Beljiyam sun halatta wa likita ya yi hakan a 2002. A Afrilun 2024 kuma fadar Fafaroma ta fitar da takarda mai ɗauke da wannan kalmar dai a sunanta tana haramta shi. Kalma ɗaya, hukunci biyu masu kishiyantar juna, dan wanda ya ce darajata ita ce ikona a kan kaina zai ce raina nawa ne, wanda ya ce amana ce aka ba shi zai ce ba ni da hurumi. Haka zubar da ciki, haka hukuncin kisa, haka ma batun ɓatanci da ya fi kusa da mu, wani yana ganin darajar mutum ita ce a bar shi ya faɗi abin da ke ransa, wani yana ganin ba a taɓa abin da darajar tasa ta dogara a kai. A nan ba za ka ce a bar maganar tushe a ci gaba da aiki ba, dan aikin ne ya rabu biyu.

Bayan sati biyu mutumin namu ya dawo wajen zamansa da bandeji a ƙafa, ya riga ya yi baƙi da ƙura. Mai shayi ya ci gaba da ba shi shayi da guntun burodi kyauta kamar da, yace sadaka ce. A gwangwanin madara yake zuba masa, ba a kofin da muke sha ba, kuma in ya gama ba a haɗa gwangwanin da sauran kayan wanki, can gefen kwata ake ajiye masa shi. Yaron ne ya nuna min, ni duk shekarun nan ban taɓa lura ba.